A nemi izinin kwamiti kafin a fara tambayar mutane

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin ɗaliban jami'a masu binciken da ya shafi mutane. Da yawa sai sun gama raba takardun tambayoyi sannan su tuna da kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da ke duba aikin don kare haƙƙin waɗanda za a tambaya. A lokacin bakin alƙalami ya bushe, domin galibin kwamitoci ba sa amincewa da aikin da aka riga aka yi, mujallu da dama kuma ba za su buga shi ba. Ƙa'idar tana cikin Sanarwar Helsinki, wato takardar Ƙungiyar Likitoci ta Duniya kan ɗa'ar binciken lafiya da ya shafi mutane, wadda aka fara fitarwa a 1964 aka yi ta sabunta ta.

Abin da ake miƙawa sananne ne: tsarin binciken, tambayoyin, takardar bayani, takardar amincewa, da yadda za a adana bayanan mutane. Takardar amincewar ce ta fi jawo a dawo wa mutum da fayil. Dole ta faɗi manufar aikin da haɗarinsa cikin harshen da mahalarci ke ji, ta kuma nuna yana iya janyewa ko yaushe ba tare da ya rasa komai ba. Wanda bai iya karatu ba, sai a karanta masa gaban shaida, ya dangwala yatsa. Yaro kuwa sai da izinin iyaye, shi ma a nemi yardarsa. Malamin da ke son ɗalibansa su shiga (su wa za su ce masa a'a?) ya bar wani ya gayyace su.

Ko tambaya ɗaya aka canza bayan an sami izini, a koma wa kwamiti kafin a ci gaba.

Naka,
Wani malamin jami'a