Man Fetur Ba Ya Gangarowa Kamar Ruwan Kogi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, wadda kuma ta ƙara ƙarfi tun daga ranar 22 ga Nuwamba, 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe. Maganar kashi biyu ce. Wasu suna cewa man da ake haƙowa a yankin Neja Delta asalinsa na Arewa ne, gangarawa ya yi ta ƙarƙashin ƙasa ya taru a can. Wasu kuma suna cewa Nijar da Chadi suna tsotse man da ke ƙarƙashin Borno ta rijiyoyinsu, shi ya sa muka haƙa ba mu samu ba. Na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare kafin in yi ritaya, kuma na ji wannan magana daga bakin mutanen da nake girmamawa ƙwarai, saboda haka ba da raini nake rubutu ba. Abin da na lura shi ne duka maganganun biyu sun ginu ne a kan zato ɗaya, wato cewa mai yana kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, yana kuma malala kamar ruwan kogi. To, ba haka yake ba.

Asalin ɗanyen mai ƙananan halittu ne da suke rayuwa a saman ruwan teku ko na manyan tafkuna, irin su gansakuka da wasu ƙwayoyin da ido ba ya iya gani, tare da ɓurɓushin tsirrai da koguna suke kwasowa daga tudu. Idan suka mutu, galibinsu ruɓewa suke yi ko wasu halittu su cinye su. Kaɗan ne suke kaiwa ƙasan ruwa a wurin da iskar shaƙa ta yi ƙaranci, laka mai laushi ta binne su kafin su lalace. Shekara bayan shekara sabuwar laka tana hawa kan tsohuwa, nauyi yana ƙaruwa, ruwan da ke ciki yana matsewa, har lakar ta zama dutse mai duhu, abin da ya rage na halittun kuma ya koma wani daskararren abu da masana suke kira kerojin. A wannan mataki babu mai tukuna, sai an dafa.

Wutar dahuwar kuwa ita ce zafin cikin ƙasa, wanda yake ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos a kowace kilomita ɗaya da aka nutsa. Idan dutsen ya kai zurfin da zafinsa yake tsakanin digiri 60 da 120 ko sama da haka kaɗan, ya kuma daɗe a nan na miliyoyin shekaru, sai kerojin ɗin ya fara narkewa ya ba da mai. Idan ya zarce, man da kansa yakan farfashe ya koma iskar gas, idan kuma ya zarce ƙwarai sai a wayi gari babu abin da ya rage sai baƙin toka a jikin dutse. Duk macen da ta taɓa soya gyaɗa domin ƙuli-ƙuli ta san wannan ƙa'ida: wadda ba ta soyu ba ba ta ba da mai, wadda ta ƙone kuma asara ce.

Yanzu ga inda maganar gangarowa take rushewa. Dutsen da ya haifi mai matsattse ne, ba ya iya riƙe shi duka, don haka matsi yakan tura man ya fita ta ƙananan tsagogi zuwa wani dutse na kusa mai ƙofofi, galibi dutsen da asalinsa yashi ne. Ƙofofin nan ba koguna ba ne, 'yan sarari ne tsakanin ƙwayoyin yashi, kuma cike suke da ruwan gishiri tun asali. Da yake mai ya fi ruwa rashin nauyi, gas kuma ya fi su duka, sai su riƙa neman hanyar sama, suna kutsawa daga wannan ƙofa zuwa waccan a hankali, tafiyar da take cin dubban shekaru har miliyoyi. Kowa ya ga yadda man gyaɗa yake tasowa saman miya komai yadda aka juya ta. Saboda haka mai hawa yake yi, daga tsakiyar kwari mai zurfi na ƙarƙashin ƙasa zuwa gefensa, kuma babu ruwansa da yadda saman ƙasa ya karkata ko inda kogin Kwara ya nufa.

Tafiyar takan tsaya ne idan man ya tarar da rufi, wato wani shimfiɗaɗɗen dutse na laka ko na gishiri wanda ba ya tsatsar da komai, wanda kuma ya lanƙwashe kamar ƙwarya a kife, ko kuwa wata karaya a cikin ƙasa ta toshe hanya. A ƙarƙashin wannan rufi ne suke jeruwa, gas a sama, mai a tsakiya, ruwan gishiri a ƙasa. Inda babu rufi, man yakan ci gaba har ya ɓullo waje, sassansa marasa nauyi su bi iska, ƙwayoyin cuta su cinye wasu, a bar kwalta. Irin wannan kwalta ce take kwance a yankin Agbabu na Jihar Ondo, kuma ita ce ta jawo wani kamfani ya fara haƙa a wannan yanki tun a 1908, kusan shekara hamsin kafin a dace da rijiyar Oloibiri a 1956. A gaskiya man da ya tsere ta wannan hanya a tarihin duniya ya fi wanda ya maƙale yawa nesa ba kusa ba.

Neja Delta ta tara waɗannan sharuɗɗa a wuri guda. A can ƙasa akwai lakar teku mai kauri da masana suka raɗa wa suna Akata, a kanta akwai shimfiɗun yashi da laka masu musanya da juna da ake kira Agbada, inda mafi yawan man yake taruwa, sannan a sama akwai yashin Benin. Kaurin wannan tulin ya kai kilomita goma a wasu wurare. A nan ne zan yi wa masu waccan magana adalci, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: yashi da lakar da suka gina yankin, kogunan Kwara da Binuwai ne suka kwaso su daga cikin nahiya, har da ƙasashen da ba Nijeriya ba. Amma yashi ne ya gangara, tare da ɗan ɓurɓushin tsirrai. Man kuwa a can aka haife shi, a can ya dahu, a can kuma ya maƙale. Tsakanin Arewa da bakin teku akwai faffaɗan yanki na tsohon dutse mai tauri, irin wanda muke gani ya fito fili a Zuma da kewayen Jos, kuma mai ba ya ratsa shi.

Abin da ya kamata ya faranta mana rai shi ne Arewa ba ta buƙatar aron tarihin kowa. Kusan shekara miliyan casa'in da suka wuce, wani hannun teku ya ratsa ta kwarin Binuwai da ƙasar da yanzu take hamada, ya haɗa tekun kudu da na arewacin Afirka. Shaidarsa tana nan a fili. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka a ƙasan teku ta taru, ana kuma tsintar ƙwansunan halittun ruwa da suka zama dutse a cikinta. Ta Kalambaina a Sakkwato ita ma wani teku ne na baya ya bar ta. Man Agadem a Jihar Diffa ta Nijar, wanda ake tacewa a matatar da ke kusa da Damagaram tun 2011, yawancinsa daga irin wannan tsohuwar lakar teku ya fito. Na Doba a kudancin Chadi, wanda aka fara turawa ta bututu zuwa Kribi a Kamaru a 2003, daga lakar tsoffin tafkuna ya samu.

Game da zargin tsotsewa, rijiya ba ta jan mai sai daga tarkon da aka huda, wato wurin da rufi ya tsare man, kuma ikonta bai wuce 'yan kilomitoci ba. Gaskiya ne akan sami fili guda da iyakar ƙasa ta raba shi biyu, kamar babban filin gas da Katar da Iran suke tarayya a kansa, ko filin Rumaila da Iraƙi ta zargi Kuwait da kwasar mansa kafin mamayar 1990. Sai dai Agadem da Doba kowannensu yana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga rijiyoyin Borno, tsakaninsu kuma akwai karaya da tuddan dutse na ƙarƙashin ƙasa barkatai. Kamfanin mai na ƙasa ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Nijeriya na kwarin Chadi a shekarun baya, aka ga alamun gas a biyu kawai, Wadi da Kinasar. Wannan ba ya nufin babu mai, ba ya kuma nufin an sace shi. Yana iya nufin an huda inda babu rufi, ko dutsen ya dahu fiye da kima saboda narkakken dutse da ya kutsa cikinsa a wasu wurare, ko kuwa rijiyoyi 23 sun yi kaɗan a fili mai faɗin haka. Ba na mantawa kuma da cewa neman ya ci rayuka, domin a watan Yulin 2017 an kai wa ayarin masu bincike, har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, mummunan hari a yankin Magumeri. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ko Kolmani ɗin ma darasi ne a kan haƙuri. An haƙa rijiya ta farko a 1999 aka tarar da gas aka bar ta, sai a 2019 aka haƙa ta biyu aka nutsa fiye da da, sannan aka ba da sanarwar samun mai. A wurin ƙaddamarwa an ambaci ganga fiye da biliyan ɗaya da gas kubik ƙafa biliyan 500. Ina so masu karatu su sani cewa abin da ke cikin dutse daban, abin da za a iya fitarwa daban, domin a yawancin filayen duniya abin da ake iya cirowa bai kai rabi ba, saura yakan manne a jikin yashi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka tura wakilinka ya zauna da malaman sashen nazarin duwatsu na jami'o'inmu a Zariya ko Bauchi ko Maiduguri, ya tambaye su da Hausa: rijiyoyi nawa aka kammala a Kolmani, ganga nawa kowace ta bayar a rana lokacin gwaji, mai ne ya fi yawa ko gas, kuma ta wace hanya za a kai shi kasuwa. Waɗannan amsoshi nake jira in karanta a shafinku.

Na gode.

Naka,
Wani tsohon malamin labarin ƙasa,
daga Gombe.