Ƙirga maƙala ba ya isa a auna masani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka in yi magana kan yadda muke auna malamanmu masu bincike. Duk sanda sakamakon CAMES, hukumar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, ya fito, yabon da ake ji iri ɗaya ne: wane ya wallafa maƙala kaza. Hukumar nan, wadda aka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, aikinta ne ta nemi maƙala kafin ta ƙara wa malami matsayi. Mu masu yabo ne muka tsaya ga ƙirge, ba mu tambayar me aikin ya haifar.

A ɗauki Frederick Sanger, masanin ƙwayoyin halitta na Kambirij a Ingila. Ya shafe kusan shekara goma a kan insulin kaɗai, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, har ya jera sassanta 51 a 1955, ya samu kyautar Nobel a 1958. A 1977 shi da Nicklen da Coulson suka wallafa hanyar karanta DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki), wadda ta jawo masa Nobel ta biyu a 1980. Da wannan hanya aka karanta haruffa 16,569 na DNA ɗin mitokondiriyar mutum, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar da kuzari, a 1981.

Nauyin maƙalar nan ta 1977 yana cikin hanyar kanta, domin duk wanda ya bi ta zai samu abin da suka samu. Ana raba aikin cikin kwalabe huɗu. Kowace tana da DNA ɗin da za a karanta, da ɗan guntun da kwafa ke farawa daga gare shi, da sinadarin polimeras mai yin kwafar, da tubalai huɗu, A, C, G, T. Sai a ƙara wa kowace kwalba ɗan kaɗan na tubali guda mai naƙasa, wanda ba shi da wurin da na gaba zai maƙale. Duk inda ya shiga, kwafar ta tsaya. A kwalbar A guntaye za su ƙare a kan A, masu tsawo daban-daban. Ana tura su cikin jel da lantarki, gajeru su riga dogaye, a karanta daga ƙasa zuwa sama. Injinan yau sun haɗa kwalaben a ɗaya, kowane harafi da launinsa, suna ba da haruffa 700 zuwa 900 masu kyau a karatu guda.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. In tubali mai naƙasa ya yi yawa, guntaye duk gajeru za su fito. In samfurin ya gauraya da DNA biyu, za a ga harafi bisa harafi, ba ya karantuwa. Haruffa 30 zuwa 50 na farko kan zo a dagule, yanke su ake yi. A wurinmu kuma ga zafi: sinadaran nan digiri 20 ƙasa da sifili suke so, wuta ta ɗauke firiza ta narke ta sake daskarewa sau da yawa, polimeras ya raunana, ɗalibi ya yi ta zargin hannunsa.

To ma'aunin h fa, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005 don auna masani da yawan ambaton maƙalunsa a rubuce-rubucen masana? Lissafinsa mai sauƙi ne: in malami yana da maƙala takwas da aka ambaci kowace aƙalla sau takwas, h ɗinsa takwas ne. Ke nan maƙala ɗaya da dubban mutane suka yi aiki da ita maki ɗaya tak take ƙarawa. Mai ambaton kansa a kowane rubutu yana iya kumbura lambar. A cikin shafukan da ke ƙirga ambato, Google Scholar kan ba da adadi sama da na Scopus don yana ƙirga har da kundin digiri. Ga kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da wani masani ya duba ba.

Aikin da ya fi taɓa mu ma ba lallai ya tara ambato ba. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai na gwada ruwan ƙashin baya na masu sanƙarau da PCR, wato gwajin da ke ninka DNA, don gane nau'in ƙwayar. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta nau'in A ce, annobar 2015 kuwa nau'in C ne ya kawo ta. Sakamakon ɗakin gwaji ne ke faɗa wa hukuma wace allura za ta nema.

Don haka ina kira ga ƴan jarida: in za ku yi hira da mai bincike, ku tambaye shi lambar da GenBank, ma'ajiyar jerin DNA a intanet, ta ba jerin DNA ɗin da ya karanta, ku tambayi ko ya saka kwalbar da ba samfuri a cikinta don gano gurɓata, da ɗalibai nawa ne ke iya yin gwajin ba ya kusa.

Wassalam.

Wani mai karatu, Yamai