Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya kawo mana sabuwar wuƙar aljihu Damagaram

Zuwa ga mai girma Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne da yawun ƴan uwana masu tara wuƙaƙe a nan Damagaram. Maganar a kan sabuwar wuƙar aljihu mai ninkewa ce, wadda wakilinku ya shigo da ita Kasuwar Dole. A jikin kwalinta kun rubuta cewa ƙirar gargajiya ce, ƙotarta ta ƙaho, ruwanta baƙin ƙarfe irin na da. Mun kai kukanmu wurin wakilin, ya ce shi ɗan aike ne. Mun rubuta ta lambar da ke jikin kwalin, shiru. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Ba mu da yawa. A cikinmu akwai mahauci, akwai baduku, akwai tsohon malamin makaranta, da direban da ke bin hanyar Agadas. Abin da ya haɗa mu shi ne idan wuƙa ta shigo hannunmu ba ma gaggawar yanka da ita. Sai mun buɗe, mun rufe, mun saurari ƙararta, mun ɗaga ta a hasken rana mun duba tsakanin ƙarafunanta.

Gaskiya dai surar wuƙarku ta yi kyau. Tsawonta daidai aljihun riga, ba ta da nauyi, kuma kun bar ta yadda magabata suka san wuƙar aljihu: babu maɓalli, babu makulli, sai ƙarfen baya da ke riƙe ruwan, da ɗan tsagi inda farce ke kamawa a buɗe. Wannan ne ya ja mu muka saya, duk da tsadar da kuka sa mata.

Ƙotar ce ta fara ba mu kunya. Badukun cikinmu, wanda ya tashi cikin fata da ƙaho, yana riƙe ta ya ce wannan roba ce. Muka gasa allura a wuta muka ɗora a gefen da ido ba ya gani. Ƙaho idan ya sha wuta ƙaurin ƙonannen gashi yake yi. Taku narkewa ta yi tana warin leda. Da muka jera guda biyu sai ga zanen jikinsu iri ɗaya sak, alhali ko ƙahonni biyu na sa guda ba sa zuwa da zane ɗaya. Ranka ya daɗe, a ƙasar da ake kora shanu garke-garke zuwa kasuwa, yaya za a sayar wa mutum roba da sunan ƙaho?

Sai ruwan wuƙar. Baƙin ƙarfe mai yawan kabon yana da alamarsa. Idan ka yanka albasa ko lemun tsami da shi sai ya dishe ya yi duhu, idan ka bar shi da danshi ya yi tsatsa, amma yana ɗaukar kaifi nan da nan a dutsen wasa. Naku bai canza launi ba ko kaɗan, wato ƙarfen nan ne mai haɗin kuromiyam da ba ya tsatsa. Ba aibi ba ne a yi wuƙa da shi, akwai nagari a cikinsa, wasu ma sun fi son sa da damina. Aibin shi ne ku rubuta wani abu a kwali ku sa wani a ciki. Kuma ko a cikin irinsa ba ku zaɓi mai kyau ba, ko kuwa ba a gasa shi yadda ya kamata ba, domin mahaucin cikinmu ya gwada ta a fiɗar akuya, bai gama ba ta dakushe. A gindin ruwan babu hatimin irin ƙarfen, babu sunan ƙasar da aka ƙera ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfen baya. Wuƙar da ba ta da makulli, wannan ƙarfe ne kaɗai tsakanin kaifi da yatsun mai ita. Naku sako-sako ne: ka ɗan danna bayan ruwan da babban yatsa, sai ta fara ninkewa. Wasu ruwansu na girgiza hagu da dama domin ƙusar tsakiya ba ta kama ba. A wajen rufewa kuma kaifin yana dukan ƙarfen bayan daga ciki, har ya bar ɗan giɓi. Irin wannan wuƙa za ta faɗa hannun manomi yana feƙe sanda, za ta faɗa hannun matashi ranar layya. Ba na son sai ta datse yatsan wani kafin ku saurare mu.

Kada ku ce arha ko sauƙin ƙira ne suka jawo haka. Wuƙar Douk-Douk, da gidan Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne kawai da aka ninke, amma ƙarfen bayanta sai ka sa ƙarfi kafin ya saki. Okapi an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, kuma har yau talaka yake saye. Opinel tana nan tun 1890 da ƙotarta ta itace, a 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwan. Dukansu suna ɗauke da sunan mai su a jikinsu, kuma babu wadda ta ce ita ƙaho ce alhali ba shi ba ce. Nan gida ma, maƙeran garin nan su ne suka ƙera wa Sarki Tanimun igwa a ƙarni na 19, jikokinsu kuwa suna nan. Idan wuƙarsu ta ba ka matsala ka san rumfar da za ka koma.

Ra'ayinmu bai zo ɗaya a kan komai ba. Malamin makarantar yana ganin a ajiye ta don kyan sura, tunda shi ba yanka yake da nasa ba. Direban ya ce da kun rage kuɗin kun faɗi gaskiyar kayan, da ya saya don yankan igiya a hanya. Ni kam ina ganin wuƙar da ba a amince a buɗe ta a yi aiki ba, ba ta da gurbi a akwatina. Inda duka muka haɗu shi ne rubutun kwalin ba gaskiya ba ne.

Don haka muna neman ku karɓi waɗanda muka saya ku mayar mana da kuɗinmu ta hannun wakilin da ya sayar. Ku dakatar da sayar da ragowar har sai kun gyara ƙarfen baya da ƙusar. Ku cire kalmar ƙaho daga kwalin, ku buga irin ƙarfen da ƙasar ƙira a gindin ruwan. Idan kuma da gaske kuke son ƙota ta ƙaho da kube na fata, ku turo mutum ya zauna da dukawa da maƙeran Damagaram, ku biya su haƙƙin aikinsu. Wuƙaƙen da kwalayensu suna hannuna, duk wanda kuka aiko zai gani da idonsa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai tara wuƙaƙe,
Unguwar Birni, Damagaram