Usur ɗin kiran agwagin ruwa: a zaɓa da kunne

Malam Edita,

Muna roƙon fili don jan hankalin ƴan uwanmu mafarauta masu zuwa tafkin Madarunfa. Yawancin usur ɗin da ake shigowa da su an yi su ne don agwagin Turai da Amurka masu kukan “kwak-kwak”. Agwagwarmu kirinjijiya kuwa fito take yi, gaɓa 3 siririya, don haka ƙaramin usur marar harshe (siririyar robar da ke kaɗawa a ciki in an busa) ya fi dacewa. Dinya ma ba ta da hayaniya. Busa mai ƙarfi korar ta take yi.

Usur mai harshen roba kuwa, a zare bututun, a duba harshen da toshiyar da ke danne shi. Dogon harshe na ba da murya mai kauri, gajere siririya. In za a datse, kada a wuce rabin milimita lokaci guda, a busa a ji, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Muryar ta shaƙe? Miyau ne da ƙurar hunturu suka manne harshen: a wanke da ruwa, a shanya a inuwa. Usur na itace rana na tsaga shi.

Don Allah a karɓi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji kafin fita.

Wasu mafarauta, Maraɗi