Ni ba mai unguwa ba ne, amma ni ake jira

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali? Kullum ina sauraron shirinka a shago, sai dai ƙarar keken ɗinki takan cinye mini wata maganar. Yau ni ma na kawo tawa.

Ni tela ne, shekarata 31, shekara shida ke nan ina haya a wata unguwa a wajen ganuwa a nan Kano. Layinmu a gangare yake. Duk Agusta in aka tafka ruwa sai kwata ta tumbatsa, ruwa ya bi mu har tsakar gida, saboda leda da robobi sun toshe kwalbatin bakin titi. Kowa ya sani. A teburin mai shayi a yi ta zagin gwamnati, shayi ya ƙare, a watse.

A Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, na ga bidiyon mutane a waya suna ratsa ruwa har ƙirji da kaya a ka. A makon ne kuma katangar ƙasa ta gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zube, Allah ya kiyaye babu kowa a gindinta. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake hana zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, sai na ari shebur da baro na faɗa kwatar. Ban kira kowa ba. Yaran shagona biyu suka ji kunya suka shigo, sai samarin da ke buga ƙwallo a kan titi suka biyo baya, mai shayi ya aiko mana da buta guda. Wata na gaba mun fi ashirin.

Ban taɓa ce wa kowa “ku yi” ba, don na san matsayina. Ɗaya bayan ɗaya nake binsu. Mai kanti na tuna masa buhunan shinkafarsa da suka jiƙe, matan gida kuma uwargidana ce ke musu maganar sauro da kuɗin maganin zazzaɓi. Liman na same shi a zaure, bayan sallar asuba ya yi jawabi biyu, ya fi surutuna na wata guda tasiri.

Da aka zo maganar kuɗi ne abin ya cije. Kwalbatin ya rufta, yana buƙatar siminti da rodi da birkila, muka ce a yi karo-karo. Talakawa sun bayar, har tsohuwar nan ta kwance bakin zane. Amma wani Alhaji mai gidan bene, wanda bututun gidansa ne ya fi zuba a kwatar, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Kai a su wa?” Wallahi na rasa amsa, domin gaskiya ya faɗa. Ba ni da takarda, ba ni da rawani.

Akwai kuma kuskuren da na yi, ba zan ɓoye ba: ban fara zuwa wurin mai unguwa ba. A zatona yashe kwata bai kai a nemi izini ba. Yanzu in na gaishe shi da kyar yake amsawa, ɗansa kuma yana yaɗawa wai kansila nake nema, wai baƙo raɓa ne. Ni da ko katin jam'iyya ba ni da shi! Da maganar ta bazu sai mutum uku suka ce a mayar musu da kuɗinsu.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne samarin. Sun ce za su toshe bututun Alhaji da siminti cikin dare. Da lallashi na hana su, amma in sun ƙi ji gobe, da me zan tsawata musu? In kuma suka aikata, ni za a kama, tunda kowa na cewa yarana ne. Uwargida ta ce na shiga sharo ba shanu, ga ɗinkin mutane ya taru.

Malam, zuciyata ta rabu biyu. Wani lokaci in ce in ɗauki littafin karo-karo da kuɗin in kai wa mai unguwa, in ba shi haƙuri, ya zama shi ne a gaba. To amma dattijo ne, ƙafarsa ma ciwo take, ina tsoron littafin ya kwanta a ƙarƙashin tabarma har damina ta cim mana. In kuma na riƙe, na tabbatar da zargin ɗansa. Ko liman zan roƙa ya raka ni? Shi Alhajin, wa ya kamata ya tunkare shi, tunda ni ya riga ya raina ni?

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuɗin mutane kuma suna cikin akwatin zare a shagona. Don Allah a karanta wasiƙata da wuri.

Naka,
Wani tela daga Kano