Wasiƙa zuwa ga Baba: Auta ba sai da mota ba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara baki ɗaya. Kun tambaya ko sai an haɗa wa Auta kuɗin mota kafin ya taso. A ganina a dakata, keke mai kyau zai ishe shi shekarar farko.

A nan arewacin jihar Bajiniya ta Amurka akwai wata hanya da ake kira W&OD. Asalinta layin dogo ne, jirgi ya daina bin ta a 1968, aka cire ƙarafan aka shimfiɗa kwalta. Tsawonta mil 45, kusan kilomita 72, daga Arlington har Purcellville, ta ratsa unguwanni irin su Vienna da Reston da Herndon. Mota ba ta hawa. Da yake jirgi ba ya son tudu, yawancinta a miƙe take, babu hawa mai wahala. Faɗinta kamar mita 3 ne, da layi a tsakiya. Nan za ku ga mai tafiyar ƙafa, da mai tura keken jariri, da wanda ya ɗauro cefane.

Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Kowa ya riƙe dama, mai wucewa ya bi ta hagu bayan ya kaɗa ƙararrawa tun daga nesa. Ya rage gudu idan ya hango yaro ko mai kare, domin igiyar karen kan gitta hanya ba a gani, mai toshe kunne da waƙa kuma ba zai ji ƙararrawa ba.

Abin da nake so ku ja masa kunne a kai shi ne mararraba, inda hanyar ke tsallaka titin mota. Can haɗarin yake. Inda titi ke da layi biyu, motar farko takan tsaya ta ba ka hanya, sai jikinta ya kare ka, direban layi na biyu bai gan ka ba ya taho da gudunsa. Don haka ya tsaya cak a alamar tsayawa, ya sa ƙafa ƙasa, kada ya shiga sai ya ga kowane layi ya tsaya.

Keken ya zama mai kariya a baya, wato wurin ɗora kaya. Yawancinsu suna ɗaukar kilo 25, amma a raba kayan gida biyu, dama da hagu. Kada ya rataya leda a kan keke, wato wurin riƙewa: tana lilo, tana iya shiga sifok ta kayar da mutum. Iskar taya a duba duk mako, adadin da ya dace yana rubuce a gefen tayar. Idan ta yi laushi ya haye inda saiwar itace ta ɗaga kwalta, wili zai matse tub ya yi masa huji biyu. Mai faci a bakin hanya babu shi, saboda haka ya riƙa yawo da tub guda, da ƙaramin famfo, da abin ɓanɓare taya. Wurin ajiyewa kuwa, kwado ya kama jikin keken da tayar baya da ƙarfen da aka kafe, ba tayar gaba kaɗai ba, don a minti ɗaya ake kwance ta.

Sai lokacin sanyi. A Disamba rana na faɗuwa kafin biyar na yamma, dole farar fitila a gaba, ja a baya, da hular kwano. Jiƙaƙƙen ganye yana da santsi ƙwarai, gadoji kuma su ke fara yin ƙanƙara saboda iska na bi ta ƙarƙashinsu. A irin wuraren nan kada ya damƙe birkin gaba. Ranar da ƙanƙara ta kwanta, ya hau bas. Gishirin da ake watsa wa tituna yana cin sarƙa, ya goge ta ya ɗiga mata mai.

A gaida Inna, ta ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya ƙara girma.

Ɗanku.