Amsa ga Malam: ba na sujada ga rana

Assalamu alaikum Malam.

Na ga tambayar da ka jefo min a Facebook, ka kama sunana ka ce in fito in faɗa wa jama'a ko na fara bautar rana ne tunda ina koya wa mata yoga, wato motsa jikin nan na mutanen Indiya, a gidana. Da farko na so in yi shiru, sai shekaranjiya 'yata ta dawo daga islamiyya tana kuka wai ƙawayenta sun ce mamarta ta zama Hindu, yarinya 'yar shekara tara da ita ke tashina sallar asuba wani lokacin. Wannan ne ya ƙona min rai wallahi. Lambata tana wayarka Malam, tare muka yi makarantar allo a zaure ɗaya, ka san mahaifina ka san irin tarbiyyar gidanmu, me ya hana ka kira ni?

Shekara huɗu na yi a birnin Bangalore na ƙasar Indiya ina karatun gashin ƙashi, don haka yoga ba labarinta aka ba ni ba. Na ga yadda suke yi da sassafe, a zauna a rufe ido a ja kalmar ibadarsu "Om" da doguwar murya, sannan a fuskanci gabas a yi Surya Namaskar, wato gaisuwar rana, mataki 12 ne, wasu kowane mataki da sunan ranar da suke ambata. Kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa tushen abin addinin Hindu ne ba, malaminsu na da can Patanjali da ya tsara ta rassa 8 ya lissafa, motsa jiki ɗaya ne kawai a ciki, sauran akwai zurfafa tunani da abin da suke kira samadhi, wato nutsewa gaba ɗaya cikin tunani. Saboda na san haka ne tun a can nake tashi in fita in an zo wajen Om ɗin da gaisuwar rana. Ayar da ka kawo ta Suratu Fussilat, aya ta 37, da ta hana sujada ga rana da wata, ni ma na haddace ta kuma a kanta nake.

Ban ce malamai ba su yi magana ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana yoga a 2008, ta malaman Indunusiya kuma a 2009 ta hana wadda ake haɗawa da ambaton Hindu ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ta biyun nake bi. Da a kan wannan ka yi min gyara da na saurara da kunne biyu.

Abin da muke yi a tsakar gidana bai wuce a shimfiɗa tabarma a miƙe baya a saki ƙugu a koyi jan numfashi a hankali ba. Zaman shirun da ka ce na kwaikwayo kuwa bayan asuba nake yi da carbina a hannu, istigfari da salati da tunanin halittar Ubangiji, yadda na taso na ga kakata tana yi har rana ta fito.

Maganar kuɗi da ka sako ba zan tsaya a kai ba, duk wadda ke zuwa ta san ko nawa take bayarwa. Amma dai na lura tunda ka fara neman mabiya kullum sunan mace ne a bakinka.

Matan da ke zuwa wajena akwai mai haihuwa bakwai da bayanta ya riƙe har ruku'u ya gagare ta, sai a zaune take sallah, kowa haƙuri kawai yake ba ta, babu wanda ya taɓa tambayar ina za ta je ta motsa jiki cikin sutura. Yanzu tana sallah a tsaye, alhamdulillahi. Jiya mijinta ya hana ta zuwa saboda rubutunka.

Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa, ka turo uwargidanka ta zauna ta gani daga farko har ƙarshe. Kafin nan ina roƙonka ka goge sunana daga rubutun nan.

Wassalam.